Jagorar Mai Niyyar Ƙaura Zuwa Durham, Ƙaramin Birnin Majami'a a Arewacin Ingila

A ƙasar Ingila akwai wani jinsin garuruwa waɗanda, in da yawan jama'a ake aunawa, da ba su isa a kira su birane ba, amma da yake al'adar ƙasar ta daɗe tana gudana a kan cewa garin da bishop ya kafa kujerarsa, aka gina masa babbar majami'a, shi ne ya cancanci sunan birni, sai suka riƙe wannan daraja har wa yau, alhali kuwa wasunsu mai tafiya da ƙafa yana iya ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan tsakanin Azahar da La'asar. Daga cikinsu akwai Wells da Ely da Lichfield da Salisbury. Wanda na zaɓa in kafa bayanina a kansa shi ne Durham, domin jami'arsa, wadda aka kafa a 1832, takan jawo almajiran ilimi daga ƙasashenmu, kuma abin da ya inganta game da shi ya inganta game da mafi yawan 'yan'uwansa.

Garin yana arewa maso gabashin Ingila, a inda kogin Wear ya yi gwiwa ya kewaye wani tudu har ya kusa mayar da shi tsibiri. A bisa tudun nan majami'ar take, wadda aka aza harsashinta a 1093 aka gama gangar jikinta a 1133, kuma daura da ita akwai tsohuwar fadar dutse da aka fara ginawa a 1072, wadda ɗalibai ke kwana a cikinta yanzu. Mazaunan garin ba su wuce wajen 50,000 ba. Daga tasharsa zuwa Landan tafiyar kusan sa'a uku ce a jirgin ƙasa, zuwa Newcastle kuwa kamar rubu'in sa'a.

Abin da ya wajaba mai niyyar ƙaura ya fara fahimta, tun kafin ya taɓa fasfo, shi ne cewa a irin wannan gari babu zango. Kakanninmu fatake da alhazan ƙasa, ko Kumasi suka dosa ko Wad Madani, sun saba da cewa duk inda suka sauka akwai unguwar baƙi da sarkinta da limaminta, akwai mai masauki wanda zai karɓi kayansu, ya nuna musu kasuwa da masallaci, ya tsaya musu in rigima ta taso; kuma wanda ya sauka a Landan ko Manchester a yau zai tarar da abin da ya yi kama da haka, ko da ba da wannan suna ba. A ƙaramin birni kuwa, dukan hidimar da zango ke yi wa baƙo, shi baƙon ne zai yi wa kansa ita, kuma mafi yawanta sai ya tsara ta tun yana gida. Wannan ba aibi ba ne ga garin, farashin natsuwarsa ke nan, kuma a ganina farashi ne da ya cancanci a biya, muddin mutum ya san da shi kafin ya ɗaura tafiya.

Sha'anin takardu ba zan tsawaita a kansa ba, domin dokokinsa suna sauyawa, kuma abin dogaro a cikinsa shi ne abin da gwamnatin Birtaniya ta rubuta a shafinta na intanet a ranar da kake nema, ba abin da wani dillali ya faɗa maka ba. Amma ginshiƙansa sanannu ne. Ɗalibi yana bukatar takardar shaidar karɓa daga jami'a, ma'aikaci kuma daga wanda zai ɗauke shi aiki. Mai zuwa daga Nijeriya don zaman da ya wuce wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi. Kuɗin da ɗalibi zai nuna na guzuri sai sun zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun ragu daga adadin da aka yanka ba. Sa'an nan akwai kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da kuɗin biza, na dukan shekarun zama gaba ɗaya. Mai iyali ya lura da kyau: tun daga Janairun 2024 ɗalibi ba ya tafiya da mata da 'ya'ya sai in karatunsa na bincike ne mai zurfi, kamar digirin digirgir, ko kuwa gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Kuma kada kowa ya gina lissafinsa a kan cewa in ya isa zai yi aiki ya cike giɓi, gama sa'a 20 a mako ita ce iyakar ɗalibi a lokacin karatu, ƙaramin gari kuma ba shi da yawan shaguna da ma'aikatu, ga dubban matasa suna neman ɗan abin da ke akwai.

In zaɓi yana hannunka, ka isa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da rana ke da sauran tsawo, domin jiki da zuciya su shiga hunturu sannu a hankali. Wanda ya sauka a Janairu, daga hazon Kano kai tsaye zuwa duhun arewacin Ingila, ya ɗora wa kansa jarrabawa biyu a lokaci guda. Filin jirgin sama na Newcastle shi ne mafi kusa, ana kuma isa gare shi ta Amsterdam ko Paris ko Dubai ba sai an bi ta Landan ba. Game da kaya, kilishi da dambun nama da man shanu da duk abin da ya danganci nama ko madara haramun ne a dokarsu a shiga da shi, kuma ƙwacewa ake yi. Haka yawancin ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye sai da takardar shaida. Abin da zai amfane ka shi ne dakakken kayan miya, kuka da kuɓewa da yaji da daddawa, a ƙulle cikin leda mai rubutu, in an tambaya kuma ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 wajibi ne ya bayyana su. Rigar sanyi mai nauyi kuwa kada ka wahalar da kanka da sayenta a gida; ta can ta fi dacewa da ruwan can, kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna sayar da masu kyau da araha.

Gida shi ne babbar mas'ala, kuma a nan ƙanƙantar garin take nuna haƙoranta. Gidajen tsakiyar Durham kusan duk ɗalibai sun cinye su, suna kuma sa hannu a kan hayar shekara mai zuwa tun watan Nuwamba, saboda haka wanda ya iso a Satumba yana neman ɗaki kusa da majami'a zai tarar an riga an rufe kasuwa. Ɗalibin babban digiri wanda ba shi da iyali, hanya mafi aminci gare shi a shekarar farko ita ce ya karɓi ɗaki a ɗaya daga cikin kwalejojin jami'a, kamar Ustinov wadda aka keɓe wa irinsa, ko da ya fi tsada kaɗan, domin wuta da ruwa da ɗumama suna cikin kuɗin, kuma a can zai fara samun abokan gaisawa. Mai iyali kuwa ya duba unguwannin gefe, Gilesgate da Framwellgate Moor da Belmont, ko tsofaffin ƙauyukan mahaƙa kwal irin su Bowburn da Brandon da Ushaw Moor, inda haya ta fi sauƙi. Sai dai kafin ya yi murna da arahar, ya nemi jadawalin bas, ya ga ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi da dare, da kuma yadda take yi ranar Lahadi, domin gidan da ba za ka iya komawa cikinsa bayan Isha ba, araharsa ta zama tsada.

Dokar haya tana da kariya ga baƙo in ya san ta. Kuɗin ajiyar da mai gida zai riƙe ba za su wuce hayar mako biyar ba a gida irin na talaka, kuma wajibi ne a kansa ya sa su a asusun amana da hukuma ta yarda da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Da yawa za su nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar, abin da baƙo ba safai yake da shi ba, don haka tambayi jami'a ko wurin aikinka tun da wuri irin taimakon da suke bayarwa a kan wannan. Kada ka tura ko sisi ga wanda ba ka tabbatar da shi ba a kan gidan da hotonsa kaɗai ka gani. Ranar shiga, ka bi ɗaki ɗaki kana ɗaukar hoton kowane tabo da kowace tsaga, ka aika wa mai gida a rubuce, gama da wannan za ka karɓo ajiyarka ranar fita. Sa'an nan ka nemi takardar da ke nuna yadda gidan yake riƙe ɗumi, wadda ake yi wa daraja daga A zuwa G; gidan da ke can ƙasan jerin zai cinye a kuɗin gas abin da ya rage maka a haya. Ka duba kusurwoyin bango da bayan labule ko akwai baƙin tabon funfuna, domin tsofaffin gidajen bulo na wannan yanki suna shan danshi, kuma mutanenmu, saboda tsoron sanyi, sukan toshe kowace kafa su shanya wanki a ɗaki, sai laima ta taru ta zama tari ga yara. Buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya, ko da ana sanyi, yana daga cikin ladubban zama a gidan Ingila.

A makon farko ka gama da ƙananan hidimomi: layin waya, asusun banki, rajista da likitan unguwa, wadda kyauta ce kuma ba a jira sai ciwo ya zo, da lambar inshorar ƙasa ga mai niyyar aiki. Harajin gida na majalisar gunduma ba ya hawa kan gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci, amma sai ka kai shaida, ba a ɗauke maka shi haka kawai. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya 111. Lasin tuƙin gida yana aiki wata 12, bayan haka sai na ƙasar.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi kowane nauyi a wurin Musulmi, watau salla da lokutanta. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa darenmu da ranarmu ba su cika rinjayar juna ba. Durham kuwa tana dab da digiri 55, kuma wannan bambanci yana juya rayuwar mai ibada gaba ɗaya. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi na safe, ta faɗi kafin huɗu saura kwata, har ya zama Azahar da La'asar da Magariba duk sun taru cikin ƙasa da sa'a huɗu, a tsakiyar lokacin aji ko aiki. Wanda bai tanadi wurin da zai yi salla kusa da inda yake yini ba, bai kuma koyi riƙe alwala ba, zai wayi gari yana ta ramuwa. A nan ne hukuncin shafa a kan huffi, wanda da yawanmu muka karanta a Risala muka wuce ba mu taɓa bukatarsa ba, yake zama rahama a zahiri, kuma ya kamata mutum ya sake bitar sharuɗɗansa wurin malaminsa kafin ya tashi. Haka nan ya tuna cewa a mazhabar Imamu Malik wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ya fita daga hukuncin matafiyi, saboda haka babu ƙasaru ga wanda ya zo zaman shekara.

A ƙarshen Yuni al'amarin ya juye: rana tana faɗuwa wajen goma saura kwata na dare, ta fito wajen huɗu da rabi, kuma na tsawon makonni hasken da ke gefen sama ba ya gushewa sarai, har shafaƙin Magariba ya kusa haɗuwa da alfijir. Malamai sun daɗe da tattauna wannan, suna kafa hujja da asalin ƙaddara lokaci a inda alamominsa suka ɓace: wasu suka ce a bi gari mafi kusa wanda alamar ke bayyana a cikinsa, wasu suka ce a bi rana ta ƙarshe da aka ga alamar, wasu suka kasa dare kashi bakwai suka ba Isha na farko Asuba na ƙarshe. Shawarata ita ce baƙo ya ɗauki jadawalin jama'ar da yake salla tare da su ya tsaya a kansa, ya bar yawo tsakanin manhajojin waya, waɗanda kowace da lissafinta, domin saɓanin da malamai suka yi cikinsa yalwa ce, amma waswasi ba yalwa ba ne. Azumi a 'yan shekarun nan yana gangarowa cikin hunturu, ranakunsa gajeru, sai dai waɗanda suka yi shi a Yunin 2015 da 2016 sun kai sa'a 18 da ɗoriya suna kame. Alƙibla tana kudu maso gabas, ba gabas da muka saba ba. Agogon ƙasar kuma ana ciyar da shi gaba da sa'a guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka rabin shekara lokacinka ɗaya da na gida, rabin kuma na gida yana gabanka da sa'a guda.

Ba za ka ji kiran salla a sarari ba. Abin da zai riƙa ratsa iska shi ne ƙararrawar majami'a. Jami'a tana da ɗakin salla wanda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke kula da shi, a nan ake Juma'a, kuma a nan ya kamata ka kai kanka tun Juma'ar farko, ka tsaya bayan sallama ka gabatar da kanka, domin Larabawa da 'yan Malesiya da 'yan Fakistan da 'yan Afirka da za ka tarar a sahun nan su ne danginka na wannan ƙasa. Manyan masallatai da mahauta na halal da shagunan kayan abincin Afirka suna Newcastle, musamman yammacin garin, wajen Fenham da Elswick. Al'adar masu dabara ita ce su haɗu su uku ko huɗu, su je sau ɗaya a wata, su sayo nama su raba, kowa ya sa a firji. Garin semolina da niƙaƙƙiyar shinkafa suna yin tuwo mai kyau. Wata rana kuma ka ƙarasa South Shields a bakin teku, inda matuƙan jirgin ruwa 'yan Yaman suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 19, suka gina masallacin Al-Azhar a 1971, wanda ɗan damben nan Muhammad Ali ya ziyarta a 1977. Ganin wurin yana sanyaya zuciya, domin yana nuna maka cewa Musulunci ba baƙon jiya ba ne a wannan yanki. Akwai kuma tambayar da ba a son yi amma wajibi ce: tun kana lafiya ka tambayi jama'ar masallaci wa ke wanka da sutura, ina maƙabartar Musulmi take, kuma ko akwai asusun jana'iza da za ka sa hannu a ciki.

Hunturun Durham ba tsananin sanyinsa ne ke kayar da baƙo ba, gama dusar ƙanƙara ba ta cika daɗewa ba. Duhu ne da ruwa mai yayyafi da shirun titi. Hukumar lafiyarsu tana ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 a rana, a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuwa duk shekara, saboda ƙarancin rana. Amma maganin kaɗaici ba ya cikin kwalba. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a rufe zaure, wanda ko bai fita ba duniya za ta shigo ta same shi, yana iya yin kwana uku a nan ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ba ƙiyayya ce ta hana su ba, kunyar shiga sha'anin wani ce. Saboda haka ka yanka wa kanka ƙa'ida: fita da rana kowace rana, ko da zagayen hanyar bakin kogi ne zuwa gadar Prebends; cin abinci da wani aƙalla sau ɗaya a mako; kuma kada wayar gida ta cinye maka dare har ka zama gangar jikinka kaɗai ke Ingila. Hanyar bakin kogin nan da rana ni'ima ce, amma da dare a guje ta, domin duhu gare ta da santsi, kuma an sha rasa rayuka a ruwan. Matar da aka kawo ba ta karatu ba ta aiki ita ta fi kowa shan wannan kaɗaici, kuma hakki ne a kan mijinta ya nema mata ajin Turanci ko taron iyaye mata na unguwa tun watan farko. Yara kuwa makaranta wajibi ce a kansu daga shekara biyar, ta hannun majalisar gunduma ake neman gurbi, kuma iyaye su sani cewa barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko dukan da ya bar shaida a jiki, yana jawo hukuma har cikin ɗaki.

Mutanen gari kashi biyu ne, kuma kuskure ne baƙo ya san kashi ɗaya kawai. Akwai na jami'a, masu zuwa su tafi, akwai kuma 'yan ƙasa, jikokin mahaƙa kwal, waɗanda ramukansu na ƙarshe aka rufe a farkon shekarun 1990, aka bar ƙauyukansu da rashin aiki. Turancinsu yana da wuyar ji da farko, amma mutane ne masu sakin fuska da son a yi musu godiya, har direban bas sai an gode masa wajen sauka. Ka kiyaye layi, ka kiyaye alkawarin lokaci, ka rage murya bayan goma na dare, ka san ranar fitar da kwandon shara da wanda ake zuba kowane iri a ciki; ranar Salla kuma ka kai wa maƙwabci abinci, ka gaya masa abin da ke ciki, za ka ga yadda ƙofa ke buɗewa. Ba zan ɓoye ba, baƙar fata kaɗan ne a garin, za a kalle ka, wani lokaci kuma wani mashayi ya jefa maka magana a daren Juma'a ko Asabar. Kada ka tanka, in abin ya wuce magana ka kai ƙara, domin dokarsu ta ɗauki cin zarafi saboda launi ko addini da nauyi.

Majami'ar kanta ƙofarta a buɗe take ga kowa, ana dai roƙon gudummawa, kuma wanda ya zauna a ƙarƙashin inuwarta ya kamata ya san abin da take nufi ga masu ita. A ciki kabarin Cuthbert yake, waliyyin Kiristocin arewa wanda ya rasu a 687, wanda mabiyansa suka yi ta yawo da gawarsa har suka sauke ta a wannan tudu a 995, abin da ya zama asalin garin. A ciki kuma aka binne Bede, malamin tarihi da ya rasu a 735. A ƙofar arewa akwai zoben da mai laifi a zamanin da yake kamawa ya sami amana ta kwana 37. Mai shiga ya shiga da ladabi, ya yi shiru in ana ibada, kamar yadda muke so a yi wa namu wuraren. Mai neman ilimi kuma kada ya bar garin bai leƙa taskar takardun Sudan da jami'a ta kafa a 1957 ba, inda aka tara wasiƙu da hotuna da rahotannin zamanin mulkin Turawa a ƙasar da dubban Hausawa suka ratsa zuwa Makka, wasu kuma suka zauna a cikinta.

Daga ƙarshen Yuni ɗalibai sukan watse, garin ya koma hannun 'yan ƙasa da masu yawon buɗe ido, sahun Juma'a ya ragu, ɗakin karatu ya zama naka kai kaɗai, kuma wannan ne lokacin da mai rubuta kundi ya kamata ya ci ƙarfin aikinsa. Rana ɗaya ce shirun yake karyewa, Asabar ta biyu ta watan Yuli, ranar taron mahaƙa kwal wanda aka fara a 1871, sa'ad da ƙauyuka ke shigowa da tutocinsu da 'yan badujala, tituna su cika maƙil tun da safe. Ka fita da yara ku gani da hantsi, ku koma gida kafin yamma, kuma duk wata sayayya ko tafiyar da ke bukatar mota ka gama ta tun ranar Juma'a, domin ana rufe hanyoyin tsakiyar gari.